Maɓalli Sha Tara, Takalmi Sha Takwas

Kafin ta zama malama, tela ce. Shekara ashirin da biyu ta yi a kan keken ɗinki a wani ɗan shago mai taga ɗaya, har kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu sauka. Shi ya sa ko bayan ta dawo makarantarmu sunan bai sake ta ba. Yara su ce Malama, ma'aikata su ce Malama Tela, ni kuma da ta ba ni shekara tara nake ce mata Yaya.

Ni ne akawun makarantar. Rajistar zuwan yara a hannuna take, da littafin sito inda ake rubuta duk takarda da gam da almakashin da suka fita, da fayil ɗin wasiƙu. Ban da waɗannan akwai wani ƙaramin littafin aljihu da nake sa abin da na gani da ranar da na gan shi. Daga cikinsa na ɗebo mafi yawan abin da ke nan.

Awon rigunan yara ne ya fara kawo ta wurinmu. Ta tarar da ajin 'yan shekara biyar babu malama, kuka ya cika ɗakin. Sai ta buɗe gwangwanin maɓallanta ta juye a tabarma, ta ce kowa ya tsinto mata masu ido huɗu. Shugabar makaranta ta zo wucewa ta ji shiru, ta leƙo a tsorace. A shekarar Malama Tela ta rufe shago, ta yi kwas ɗin da ake bukata, aka ba ta ajin. Shekara goma sha ɗaya ta riƙe shi.

Ba ta fara lissafi da alli. Takan ce yaro da yatsunsa yake gane lamba kafin ya gane ta da ido. A ajinta ana huda marafan kwalba a zura su a zare a yi tsutsa: ja uku, fari biyu, tsutsa mai gaɓa biyar. Ana yanka kifin kwali a manna masa ɓawo da maɓallai, huɗu a sama, huɗu a ƙasa, sai an faɗi jimla za a sa masa ido. Yaran da suka bi ta hannunta sukan shiga aji na gaba sun iya tarawa har ashirin ba tare da an taɓa ɗaga musu murya ba. Ni kuwa abin da na sani shi ne ajinta ya fi kowane aji cin zare da gam.

"Akawu, ba ni gam biyu."

"Jiya na ba ki ɗaya, Yaya."

"Jiya ai ka ci abinci, yau kuma za ka ci. Rubuta ka ba ni."

Abin da ta fi alfahari da shi shi ne igiyar aji. A farkon shekara kowane yaro ya zaɓi babban maɓalli guda daga gwangwani, wanda babu irinsa, ya zama nasa. Igiya biyu ne rataye a ƙusa kusa da ƙofa, ta 'yan mata da ta maza. Da safe kowa ya zura nasa. In za a fita waje kowa ya cire ya sa a aljihu, in an dawo ya mayar. Sai Malama ta bi igiyoyin da yatsu ta tambaya, "Sha ɗaya da takwas?" Aji ya amsa, "Sha tara." Dokar kuwa guda ce: ba a taɓa fenti, ba a taɓa almakashi, sai igiya ta cika. Da haka take koya musu tarawa, da haka kuma take sanin yaranta sun cika. Shekaru aka yi ana yabon wannan dabara, har malaman wasu makarantu sun zo sun kwafa.

A bayan makarantar akwai ɗan fili, bayan filin kuma shingen kwano na wani mai gini. Ya haƙa babban rami na tankin ruwa, sai aikin ya tsaya, leburori suka watse. Da damina ta sauka ramin ya fara tara ruwa. Kwano ɗaya na shingen ya ɓalle daga ƙasa, ya bar kafar da babba ba zai shiga ba sai ya durƙusa. Sau biyu na rubuta wa mai ginin wasiƙa da sa hannun Shugaba. Kwafin duka biyun suna fayil. Amsa ba ta zo ba. A wannan filin Malama Tela take kai yara kowace Alhamis su tsinto marafa da tsakuwa da 'ya'yan itace na aikin mako.

A zango na uku na shekarar ƙarshe na fara ganin abubuwa a takardar sunayen yara da take aiko min kowace safiya. Da, alamarta takan zauna tsakiyar layi kamar ɗinkin keke. Yanzu sai ta riƙa zamewa, ta yaron sama ta faɗa layin na ƙasa. Ranar tara ga wata na rubuta haka. Ranar sha uku na gan ta ta tsaya a bakin matakalar baranda tana laluben ta da ƙafa, matakalar da ta taka shekara goma sha ɗaya. Ranar sha bakwai Baba Maigadi ya tsaya daf da ita ta gefen hagu yana miƙo mata jaka, ba ta juya ba sai da ya yi magana.

Ranar Talata ashirin da ɗaya ga wata wata uwa ta aiko cewa ɗanta yana zazzaɓi, ba zai zo ba. Na sa masa alama a rajista: ajin Malama Tela, sha takwas. Ban ajiye biro ba na ji muryoyinsu ta bango.

"Sha ɗaya da takwas?"

"Sha tara."

Na jira aka tashi tara. Na same ta ita kaɗai tana naɗe zare.

"Yaya, yau su nawa ne a ajinki?"

"Ka ji su ai. Ko kunnenka ma sai an rubuta masa?"

"Ɗan mai shayi bai zo ba. Uwarsa ta aiko."

Hannunta ya tsaya. Ta tashi ta je ga igiyar maza, ta bi ta ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan wani baƙi mai faɗi.

"Ɗan'uwansa ne ya zura masa," ta ce. "Gida ɗaya suke. Zan yi masa faɗa."

"Ba igiyar nake tambaya ba. Wurin zamansa babu kowa tun safe."

Sai ta ce in turo ƙofa.

Wata biyar ke nan da aka gaya mata a asibiti: hawan jinin ido ne, kuma an makara. Abin da ya tafi ba ya dawowa, sauran ake ta ɗiga wa magani. Ta haɗa babban yatsa da manuni ta bar 'yar ƙaramar kafa, ta kai idonta.

"Kamar ta kafar allura nake kallon duniya, ƙanena. Abin da ke gabana sak, ina ganinsa. Na gefe kuwa babu. In na dubi yaro ɗaya, sauran sha takwas sun ɓace."

"Shugaba ta sani?"

"Da ta sani da ka gan ni a nan?"

Saura mako bakwai a rufe zango. Ta jawo kwali daga ƙarƙashin tebur ta nuna min. Ƙyallaye ne masu kusurwa huɗu, kowane yaro da nasa, yana ɗinka masa maɓallai da allurar roba, kashi biyu da launi biyu, yadda za su haɗu su ba da goma. Niyyarta ta haɗe su su zama babban zane guda a rataya a bango ranar rufe makaranta, iyaye su gani.

"Bari in gama wannan in tafi da ƙafata," ta ce. "Kar a fitar da ni a tsakiyar zango kamar wadda ta yi sata. Ga mataimakiyata nan, idonta garau. Ga igiya. Mako bakwai kawai, Akawu."

Na ce igiyar ai yau ta yi ƙarya.

"Sau ɗaya a shekara goma sha ɗaya. Rajistarka ba ta taɓa kuskure ba?"

Ban kai magana ofis ba. Na rubuta a littafin aljihu, da fensir. Daga ranar kuma na ɗauki wata ɗabi'a. Yaran ajinta sukan cire takalma su jera a bakin ƙofa saboda tabarma. Duk lokacin da na bi ta barandar sai in ƙirga su. Ban gaya wa kowa ba, har ita.

Mako uku takalma da igiya suna tafiya daidai. Ruwan sama kuma yana ta sauka. Baba Maigadi ya ce ramin mai gini ya kusa kai rabi, har kwaɗi sun tare. Ya danne kwanon da ya ɓalle da bulo biyu, iska ta sake ture su.

Akwai yara biyu a ajin da ya kamata a san su. Ɗaya ana ce mata Aku, don bakinta ba ya hutawa, kuma ita ce kan gaba a lissafi. In jimla ta fito ba daidai ba har kuka takan yi. Ɗayar ana ce mata Shiru, 'yar wani direba. Ko sunanta aka kira sai dai ta ɗago ido. Muryarta ba ta fita sai in ana ƙirga. Su biyun tabarma ɗaya suke zama, Aku tana magana da bakin mutum biyu.

Ranar Alhamis ɗin da abin ya faru, mataimakiyar ta kai ɗanta asibiti, Shugaba kuma tana taro a waje. Hadari ya haɗu tun safe, garin ya yi duhu-duhu, iska ta tsaya cak. Ƙarfe goma na ga Malama Tela ta jero yara za su fili.

"Yaya, ki bar fitar yau. Ke kaɗai ce."

"Marafa sun ƙare, da me za su yi tsutsa? Minti ashirin ne. Baba yana bakin ƙofa."

Baba yana bakin ƙofar gaba, filin kuwa a baya yake. Na yi niyyar bin su, sai motar kayan sito ta iso, dole in tsaya a sauke a gabana. Ƙarfe goma da minti ashirin da biyar na ji sun dawo. Na kasa kunne daga sito.

"Sha ɗaya da takwas?"

"Sha tara."

Na ci gaba da jera takardu. Sai goma da minti arba'in na fito. Na bi ta baranda, na ƙirga takalma kamar kullum. Na sake ƙirgawa daga ɗaya gefen. Na durƙusa na haɗa kowane takalmi da ɗan'uwansa, ko wani ya hau kan wani. Na mutum sha takwas ne.

Na shiga. Yara sun duƙufa a kan fenti, ɗakin yana warin gam.

"Yaya, takalma sha takwas ne."

Ba ta yi musu ba. Ta miƙe ta nufi ƙusa, ta kamo igiyar 'yan mata. Yatsunta suka bi ta da sauri, suka dawo a hankali, suka tsaya a kan biyu na ƙarshe: wani rawaya mai ido biyu, da wani kore mai gutsurarren gefe, manne da juna.

"Aku. Zo nan, 'yata. Wa ya zura koren nan?"

"Ni ce, Malama."

"Na Shiru ne. Ina mai shi?"

"Rigarta ta yau ba aljihu, shi ne ta ba ni riƙo. Kuma kin ce ba a taɓa fenti sai igiya ta cika. Da ban sa ba da goma da takwas ne, sha takwas, da har yanzu muna zaune."

"Na ji. Ina take?"

"Marafanta tara ne, tana neman ɗaya ya zama goma. Ta hango wani ja ta ƙarƙashin kwano. Na ce mata ta yi sauri."

Na kira mai shara ta tsaya da yaran, na ƙwala wa Baba Maigadi kira. Malama Tela ba ta jira mu ba. Ta sauka matakalar ba tare da ta lalube ta ba, ta tsallaka filin hannunta ɗaya a gaba. Yayyafi ya fara, manyan ɗigo jefi-jefi suna buga kwanon shinge. A bakin kafar akwai sawun ƙaramin takalmi a laka, mai shiga. Babu mai fita.

Baba ya ɗaga kwanon muka kutsa. Ciki tulin yashi ne da bulo da rodi masu tsatsa, ciyawa ta rufe rabinsu. Ramin yana tsakiya. An shimfiɗa katakai a kan rabin bakinsa, sauran a buɗe, ruwan ja-ja ne ba a ganin ƙasansa. A kan wani bulo daf da baki ga marafan kwalba an jera su tsaf, layi biyu, biyar a sama, huɗu a ƙasa. Yarinya kuwa babu.

Baba ya kira sunanta. Na kira. Muka zaga bayan yashi, muka leƙa ɗakunan da ba a rufa ba. Ruwan ya ƙara ƙarfi, na ga yadda yake gangarowa daga kan yashi, ƙananan hanyoyi uku, duk suna zubawa cikin ramin. Baba ya fara cire riga.

"Ku yi shiru," Malama Tela ta ce. "Ba ta amsa suna. Akawu, me ke kan bulon nan? Na ji ka tsaya."

Na gaya mata. Biyar da huɗu.

Ta durƙusa a laka a bakin ramin, ta dafa ƙasa da hannu biyu. Ta gyara murya, ta fito da irin wadda take yi a aji, ba sauri ba tsoro.

"Biyar da huɗu?"

Ruwa kawai ke buga katako.

"Yara, ina jira. Biyar da huɗu?"

Daga ƙarƙashin katakan, can ciki, wata 'yar siririyar murya ta ce, "Tara."

Baba ya kwanta rub da ciki ya leƙa. Magina sun bar wata 'yar matakalar bulo a jikin bangon ramin. A kanta yarinyar ta zame ta tsaya, a inuwar katakai inda ba a hango ta daga sama. Ruwa ya kai mata ƙirji. Hannunta ɗaya yana riƙe da rodin da ya fito daga bango, ɗayan a dunƙule. Muka janye katako biyu, na riƙe ƙafafun Baba, ya zura rabin jikinsa ya kamo ta ta hammata. Da muka fito da ita leɓɓanta sun yi fari, jikinta yana kaɗawa, ba ta yi kuka ba. Malama Tela ta lulluɓe ta da gyalenta, ta bi fuskarta da yatsu, ta bi hannuwanta, ta buɗe dunƙulallen. Jan marfi ne.

"Ya zama goma," yarinyar ta ce.

Na duba agogo, goma da minti hamsin da biyu. Da muka dawo da la'asar ni da Baba don mu ɗaure kwanon da waya, ruwa ya shanye matakalar, ya shanye rodin.

Shugaba ta dawo ƙarfe sha biyu. Kafin in gama wanke lakar hannuna Malama Tela ta riga ni shiga ofis, da rigarta jiƙe. Ta faɗi komai da bakinta: asibiti, wata biyar, ranar ɗan mai shayi. Ba ta ambace ni ba. Da Shugaba ta tambaya ko akwai wanda ya sani, na ciro littafin aljihu na ajiye a tebur. Takardar gargaɗin da aka ba ni tana fayil, lamba ta arba'in da uku.

Uban yarinyar ya zo da yamma daga asibiti, inda aka duba ta aka sallame ta. Mun zaci zai yi faɗa. Ya tsaya a ƙofar aji, makullin mota a hannu, ya daɗe yana kallon igiyoyin.

"Inna," ya ce, "a gida ba ta magana sai ta ajinki. Cokula take ƙirga mana. Amma da kin faɗa."

"Da na faɗa," ta ce.

Washegari Juma'a ita ce ranarta ta ƙarshe. Da safe ba ta taɓa igiya ba. Ta sa yara suka jeru, ta bi su tana ɗora tafin hannu a kan kowane, su kuma suna ƙirgawa da ƙarfi. Sha takwas, don Shiru tana gida. Aku ta tambaya ko za a sa maɓallai. Malama ta jawo ta jikinta ta ce lissafinta na jiya daidai ne, goma da takwas sha takwas, dokar ce ba daidai ba, kuma ba Aku ta kafa ta ba. Da aka tashi ta sauke igiyoyin da kanta ta zuba a gwangwani. Kwalin ƙyallayen ta kawo min sito. Ba a haɗe su ba. Na shigar da su a littafi: ƙyalle sha tara, sha huɗu an gama, biyar da saura.

Yanzu tana zaune wurin 'yar ƙanwarta, a ɗaki na ƙarshe a gidan. Nakan je ranar Asabar ta farkon kowane wata. Kafar allurar ta ƙara tsukewa. Da murya take gane ni. Yaran maƙwabta huɗu ko biyar sukan taru a tabarmarta da rana, gwangwani a juye, suna yin tsutsa da kifi. Ƙofar ɗakin a rufe take in suna ciki, kujerarta kuma a jikin ƙofar. Duk bayan ɗan lokaci sai ta miƙa hannu ta bi kawunansu, ko da ta ji muryar kowa.

Zuwan da na yi na ƙarshe hadari ne a sama. Ta ɗaga kai tana shaƙar iskar.

"Akawu, an cike ramin?"

"Na aika wasiƙa ta biyar."

"Kwanon fa?"

"Wayar tana nan. Ta fara tsatsa."

"Sabuwar malamar tana fita da su?"

"Ranar Alhamis. Kawuna take ƙirgawa, da ido. Wani lokaci tana waya tana ƙirgawa."

Ta juya wani maɓalli a tsakanin yatsunta, ta juya, ta juya.

"Takalman fa?"

"Ina ƙirgawa, Yaya."

"Kar ka jira ka gama jera takardu," ta ce.

Sai ruwan ya fara buga rufin.